Banjon Bahago Da Kuntigin Jos: Wa Ke Yanke Wa Kayan Kiɗa Farashi?

JOS — A kasuwar kayan kiɗan gargajiya ta ƙasar Amurka akwai wata haja da dillalai suka daɗe da sanin halinta, wato banjon da aka ƙera musamman domin bahago. Irinsa ba shi da yawa, har mai nema yakan daɗe yana cigiya kafin ya dace. Amma kuma ran da mai shi ya matsu ya fito da shi kasuwa, sai ya iske babu mai tayawa. Makaɗa za su kewaye shi, su ɗaga, su juya, su yaba itacen da aikin maƙerin, sa'an nan su miƙa masa abinsa, domin mafi yawansu ko kyauta aka ba su ba za su iya kaɗa shi ba.

Wannan al'amari ya ci karo da abin da kowane ɗan kasuwa ya buɗe ido ya tarar, cewa idan kaya ya yi ƙaranci kuɗinsa sai ya hau. Ko da yake kuwa labarin daga ƙetare ya fito, yana da abin da zai faɗa wa birnin Jos, garin marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya da kuntiginsa, inda kayan kiɗa masu tarihi suke a ɗakunan magada da hannun tsofaffin makaɗa ba tare da wata tsayayyar kasuwa da za ta yanke musu daraja ba.

Banjo dai ɗan uwan garaya ne. Cikinsa zagayayye ne kamar ƙaramar ganga, an shimfiɗa masa fata a fuska, ko roba a wannan zamani, yana da dogon wuya da tsirkiya huɗu ko biyar. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su ne suka fara haɗa shi da duma da fata a tsibiran Karibiyan. Likitan nan Hans Sloane, wanda ya je Jamaika a 1687, ya buga zanen irin waɗannan kayan kiɗa a littafinsa na 1707, kuma Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya rubuta a 1781 cewa daga Afirka bayi suka zo da shi. A shekarar 2000 wani mai bincike ɗan ƙasar Gambiya, Daniel Jatta, ya gabatar wa masu tara banjo a Amurka da akontin na mutanen Jola, mai tsirkiya uku, ɗaya daga ciki gajera wadda babban yatsa ke kaɗawa. Kamannin ya yi yawa har ya sake akalar binciken asalin banjo baki ɗaya. Masana na lissafa gurmi da molo na Hausawa cikin wannan dangi.

Wannan gajeriyar tsirkiya ita ce tushen matsalar bahago. A banjo mai tsirkiya biyar, ta biyar ɗin ba ta kai ƙarshen wuya, tana tsayawa ne a hanya, inda aka huda gefen itacen aka dasa mata nata maɗaurin. Tun da babban yatsa ne ke taɓa ta, tilas ta kasance ta sama idan makaɗi ya rungumi kayan. To, idan bahago ya juya banjon dama ya riƙe shi ta ɗaya ɓangaren, sai gajeriyar ta koma ƙasa, inda babban yatsa ba ya isa. Jita ba ta da wannan larura sosai, domin tsirkiyoyinta shida tsawonsu ɗaya ne, ana iya kwance su a sake jera su. Haka Jimi Hendrix ya riƙa yi da jitar Fender ta na-dama. Amma a banjo ramin maɗaurin yana cikin itace, kuma rami ba ya ƙaura. Sai dai a sassaƙa sabon wuya.

Matsalar ba ta yau ba ce. Wani tsohon banjo da ake dangantawa da Joel Sweeney, Baturen jihar Bajiniya da ya koyi kiɗan daga bayi ya kuma yaɗa shi a dandali tun shekarun 1830, yana gidan adana kayan tarihi na Los Anjalis, kuma na bahago ne. Waɗansu makaɗan kuwa ba su jira maƙeri ba. Elizabeth Cotten, baƙar fata 'yar jihar Karolina ta Arewa, ta koyi banjo da jita a juye ba tare da ta sake jera tsirkiya ba, har salon nata ya zama abin koyi, ta kuma sami lambar yabo ta Grammy a 1985 tana da shekara fiye da 90.

Misalin wannan baiwar Allah yana da muhimmanci ga lissafin kasuwa. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne. Daga cikin wannan ɗaya bisa goma sai a cire waɗanda malamansu suka tilasta musu koyo da dama, a cire waɗanda suka bi hanyar Cotten suka kaɗa a juye, a kuma cire waɗanda suka riga suka mallaki nasu. Abin da ya rage shi ne masu saye. Wato ƙarancin ya kama ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya: kaya kaɗan, masu nema kaɗan. Masana tattalin arziki na kiran wannan siririyar kasuwa, kuma alamarta ita ce farashi ba ya zama wuri ɗaya. Yau a sayar da tsada domin an dace da mai nema ido rufe, gobe a karyar domin mai kaya na da bashin da zai biya. A kasuwar hatsi ta Dawanau babu wani mutum ɗaya da gaggawarsa za ta motsa kuɗin buhun gero. A siririyar kasuwa kuwa, wanda ya fi matsuwa cikin mutum biyun shi ke biyan kuɗin matsuwar.

Daga nan ne wani abin mamaki ke fitowa. Sabon banjon bahago sau da yawa ya fi na dama tsada ko wuyar samu, domin masana'anta sai ta sake saita injinanta saboda 'yan ƙwarori kaɗan, kuma kantuna ba sa son ajiye kayan da zai kwana musu. Kamfanin Deering na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1975, yana cikin masu ƙera shi. Amma da zarar kayan ya zama na hannu, sai lissafin ya juye, ya fi na dama daɗewa a kasuwa, dillali kuma ya taya shi ƙasa domin ya san jarinsa zai kwanta. Bahago ya saya da tsada, ya sayar da araha.

Duk da haka akwai iyakar da farashin ba ya faɗuwa ƙasa da ita, kuma dalilin yana cikin ƙirar kayan. Wuyan banjo da ƙusoshi ake ɗaure shi ga ciki, ana iya kwance shi. Cikin kuwa, da zoben ƙarfen da ke ba shi amo, bai san dama ko hagu ba. Saboda haka mai wayo yakan sayi banjon bahago, ya cire wuyan, ya sa maƙeri ya yi masa na dama. Ke nan mafi ƙarancin kuɗin kayan shi ne darajar cikinsa, a debe ladan sassaƙa sabon wuya. Wannan sana'a ta musanya wuya tsohuwa ce. Yawancin banjon Mastertone da kamfanin Gibson ya ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu tsirkiya huɗu ne, domin su ne makaɗan jaz na lokacin ke so. Da Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar Bill Monroe a ƙarshen 1945 ya fito da sabon salon kaɗa mai tsirkiya biyar da yatsu uku, sai buƙata ta koma can, aka shiga sayen tsofaffin masu huɗu ana sake musu wuya. 'Yan kaɗan ɗin da suka fito daga masana'anta da biyar tun asali, waɗanda ba a taɓa su ba, akwai waɗanda kuɗinsu ya haura dala 100,000.

Sai dai kuma akwai abin da ke rushe duk wannan lissafi, shi ne suna. A watan Yunin 2020 kamfanin gwanjo na Julien's ya sayar da wata jitar Martin ƙirar 1959 a kan dala miliyan 6 da 'yan kai, farashin da ba a taɓa biya wa jita a gwanjo ba kafin lokacin. Jitar an gyara ta ne domin bahago. Mai ita shi ne Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar Nirvana da ya mutu a 1994, kuma da ita ya yi wani shahararren wasa a gidan talabijin na MTV a watan Nuwamban 1993. Attajirin Ostareliya da ya saye ta bai damu da hannun da ake kaɗa ta da shi ba. Abin da ya biya wa kuɗi shi ne tabbacin cewa wannan itacen ne miliyoyin mutane suka gani a hannun mawaƙin, kuma tabbacin yana nan a hoton bidiyo, da lambar masana'anta, da takardun da suka nuna hannun da kayan ya bi har ya iso teburin gwanjo.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin wannan tun 1970, a nazarinsa kan kasuwar motoci na hannu, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Idan mai saye ba shi da hanyar bambance nagari da jabu, zai taya kowane kaya da kuɗin jabu. Masu nagari su janye nasu. Kasuwa ta mutu ko ta zama ta 'yan damfara. Maganin shi ne a sami wani na uku da kowa ya yarda da shi. A Amurka akwai kantuna irin su Gruhn da ke Nashbil, wanda ya buɗe a 1970, inda ake kai tsohon kayan kiɗa a duba lambarsa da ƙirarsa a ba da takardar ƙiyasi a rubuce. Da wannan takarda ake shiga inshora, da ita ake rabon gado, da ita ake ciniki tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Idan aka dawo gida, banjo ba baƙo ba ne a Nijeriya. Ya komo gaɓar Afirka ta jirgin ruwa, kuma da shi Tunde King ya aza harsashin kiɗan juju a Ikko, inda kamfanin Parlophone ya ɗauki faifansa a 1936. Ayinde Bakare ma da ɗan ƙaramin banjo ya fara kafin ya koma jita. Da jita mai lantarki ta shigo bayan yaƙi, sai banjo ya ja da baya har ya kusan ɓacewa daga dandalin ƙasar nan.

A Jos ta yau kasuwar kayan kiɗa na da ƙarfi, amma ta wata fuskar. Birnin hedkwatar manyan majami'u ne irin su COCIN da ECWA, nan ne mazaunin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da Kwalejin Talabijin ta NTA, nan ne kuma P-Square da M.I Abaga da Ice Prince da Jeremiah Gyang suka taso. Abin da waɗannan masu saye ke nema shi ne fiyano mai lantarki, da jita, da ganguna, da lasifika. A ɗauka wani a Jos ya gaji banjon bahago daga wani tsohon malamin mishan ko ma'aikacin kamfanin kuza. Kasuwar da take siririya a Amurka, a nan ta zama babu. Kayan da ke hannunsa da dala ake auna shi, alhali maƙwabtansa da naira suke ciniki, kuma tazarar da ke tsakani ta yi ta faɗaɗa. Kayan dala 1,000 a 1985 bai kai naira 1,000 ba. Bayan buɗe kasuwar canji ta biyu a watan Satumban 1986 naira ta fara gangara. A 1995, lokacin da farashin gwamnati yake naira 22, a kasuwar canji mai zaman kanta wannan kaya ya kai wajen naira 80,000. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023 kuwa, a cikin 2024 ya haura naira miliyan ɗaya da rabi. A takarda mai kaya ya yi arziki. A zahiri kuwa yawan waɗanda za su iya taya shi a cikin gari sai raguwa yake yi, ga kuɗin jigila da na inshora da haɗarin karyewar wuya a hanya idan ya ce zai aika waje.

Abin lura shi ne makaɗin Hausa bai taɓa sanin wannan ciwon kai ba. Gaskiya ne a ƙasar Hausa tun yaro na ƙarami ake kwaɓarsa idan ya kai hagu ga akushi ko ya miƙa wa babba abu da ita, sai a fagen dambe ne hagu take zama jari, inda ake shakkar bahago ana yi masa kirari. Amma a wajen kayan kiɗa, ƙira ta riga ta raba gardama. Goge da kukuma da kuntigi tsirkiya ɗaya gare su, ta bi tsakiya, duk hannun da mutum ya ga dama sai ya riƙe. Garaya da molo da gurmi kuwa wuyansu sanda ce mulmulalliya, da igiyar fata ake ɗaure tsirkiyoyin a jikinta, babu rami babu ƙusa. Bahago sai ya kwance, ya musanya musu wuri a kan jaki, ya ɗaure, ya ci gaba da kiɗansa. Abin da ke cin ɗaruruwan daloli da makonni a shagon maƙerin Amurka, a nan aikin hantsi ɗaya ne.

Kuntigin Ɗan Maraya shi ne ƙarshen misali a wannan sauƙi. An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma da iyayen suka rasu yana ƙarami sarkin ne ya riƙe shi, daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali. Bukuru ta lokacin gari ne na kuza. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso yankin a 1914, babban layi ya biyo baya a 1927, kuma dubban leburori da 'yan kasuwa da direbobi daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suka cika barikokin haƙar ma'adinai. Mutane ne masu albashin mako, nesa da gida, masu son nishaɗi, ba kuma fadawan kowa ba. Irin wannan jama'a ce ta ba da kasuwa ga mawaƙin da zai tsaya shi kaɗai, ba 'yan amshi, ya yi waƙar karen mota da ta auren dole da ta mai akwai da babu. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ne ya ga masu kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa.

Kayan haɗin kuwa ba su wuce gwangwanin kifi, da fatar akuya, da 'yar sanda, da tsirkiya ɗaya ba. Akwai abin murmushi a nan ga mai nazarin ciniki: kuzar da ake haƙa a tsaunukan Filato ana lodinta zuwa Ingila, babban amfaninta a duniya a wancan zamanin shi ne shafe gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa, sai ga gwangwani ya dawo Jos an cinye kifin an yar, wani maraya ya tsince shi ya zaga duniya da shi. Da wannan ɗan abu ya yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa, ya sami lambobin girma na ƙasa da digirin girmamawa na Jami'ar Jos, kafin rasuwarsa a Jos ran 20 ga Yuni, 2015.

A ma'aunin tattalin arziki, jarin da ke cikin kuntigi kusan sifiri ne, dukan darajar tana cikin yatsu da harshe. Haka tsarin yake ga sauran makaɗa, ko Haruna Uji da gurminsa, ko Ahmadu Doka da kukumarsa. Makaɗi shi ke haɗa kayansa, ko ya gada, ko wani masani a unguwa ya haɗa masa a ba shi na goro. Kuɗin sana'a daga biki da liƙi da kyautar iyayen gida suke fitowa, riga ko doki ko mota ko kujerar Makka. Tambari da kakaki kuwa kayan sarauta ne, ba a kai su kasuwa. Wannan tsari ya buɗe ƙofa ga talaka, domin babu yaron da rashin kuɗin kaya ya hana shi zama makaɗi. Amma ya bar giɓi biyu. Na farko, mai haɗa kayan ba shi da suna. Babu wanda ke buga tambarinsa a jikin goge yadda Gibson da Martin ke buga nasu, don haka gwaninta ba ta zama jarin da zai bar wa 'ya'yansa. Na biyu, kayan da kansa ba a ɗauke shi abin adanawa ba. Fata ta yage a sake, gwangwani ya lotsa a nemo wani, tsohon a jefar.

Ranar da shahararren makaɗi ya rasu, sai lissafi ya sake. Abin da jiya kowa zai iya haɗawa ya zama abin da ba za a ƙara samun irinsa ba, domin hannun da ya riƙe shi ya tafi. A ranar ne kuntigi ke shiga sahun jitar Cobain. Masu nemansa kaɗan ne, gidajen tarihi da jami'o'i da 'yan tsirarun attajirai masu tara kaya, yawancinsu a waje. Masu shi kuwa magada ne da galibi ba su san abin da ake biya a can ba, kuma sau da yawa suna cikin buƙata. Siririyar kasuwa ke nan a mafi munin kamanninta, kuma an riga an faɗi wanda ke biyan kuɗin matsuwa. Daɗin daɗawa, matsalar Akerlof ta fi tsanani a nan, domin duk mai gwangwani da fatar akuya yana iya haɗa kuntigi da safe, ya shafa masa ƙura, da yamma ya ce na Ɗan Maraya ne.

Ba wai Hausawa ba su san maganin irin wannan ba. A kasuwar kara ta Bukuru, mahaifar mawaƙin, baƙon da ya kawo shanu daga nesa ba ya ciniki da bakinsa. Yana sauka wurin fatoma, dillali ya shiga tsakani, ya san kuɗin da aka sayar da irin wannan sa a kasuwar da ta wuce, ya tsaya shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce, ya karɓi la'adarsa. Amanar dillali ita ce takardar ƙiyasin kasuwar kara, kuma da ita shanu ke tafiya daga Arewa har Ikko tun kafin zuwan banki. Goro na da dillalansa, fata na da nata, gidaje da filaye na da nasu. Kayan kiɗa ne ba su samu ba, domin cinikin bai taɓa yawan da zai ciyar da dillali ba, wataƙila kuma domin kallon da al'umma ta daɗe tana yi wa roƙo da maroƙa.

Filato ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka bar waje ya yanke wa kayan gida farashi. Gumakan yumɓu na Nok a wajen haƙar kuza aka fara tono su a 1928, kuma saboda irinsu ne Bernard Fagg ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta haƙar su ba bisa doka ba, manoma na karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, kayan na bayyana a kantunan Faris da Burasal da kuɗi masu nauyi, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000.

Doka na nan, kuma ya kamata mai niyyar sayarwa ya san ta. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki aikin hannu na gida a matsayin kayan tarihi idan an yi shi kafin 1918, ko kuma idan yana da muhimmancin tarihi ko fasaha kuma an taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya. Irin wannan kaya ba a sayar da shi sai ga wakilin da hukuma ta amince da shi, ba a kuma fita da shi ƙasar waje sai da izininta. Tsohon tambarin fada ko garayar bori sun faɗa ciki kai tsaye. Kuntigin da aka haɗa bayan 'yancin kai kuwa yana bakin iyaka, ya danganta da yadda aka fassara bikin gargajiya. Sa'an nan ga batun namun daji: goge da fatar guza ake rufe shi, guza kuma tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya ta ƙarfafa da dokar soja mai lamba 11 ta 1985. Banjo ma bai tsira ba, domin tsofaffi da dama na ɗauke da katakon wata bishiyar Barazil da aka haramta cinikinta tun 1992, sai da takardar da ta nuna an sare ta kafin lokacin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuwa waƙa take karewa, ba ta ce komai a kan gwangwanin da aka yi waƙar da shi ba.

Abin da ya rage wa Jos bai kai gina masana'anta tsada ba. Rajista ce kawai, a gidan tarihi ko a Jami'ar Jos, inda za a ɗauki hoton kowane kayan kiɗa mai tarihi, a auna shi, a rubuta wanda ya haɗa shi da wanda ya kaɗa shi da wanda yake hannunsa, shaidu su sa hannu, a bar kayan wurin masu shi. Wannan ba zai ƙara yawan masu saye ba, amma zai sa magaji ya shiga ciniki da takarda a hannu, ya kuma ba hukuma damar tayawa kafin kaya ya tsallake iyaka. Masu haɗa goge da gurmi na yanzu su ma za su iya fara ƙona sunansu da shekara a jikin sanda, aikin da bai fi ƙarfe mai zafi ba.

Lokaci ne kawai ba ya jira. Shaidun farko su ne abokan zamanin waɗannan makaɗa, kuma suna ta raguwa. Shaida ta biyu ita ce hotunan da gidajen talabijin suka ɗauka a shekarun 1970 zuwa 1990, inda za a iya ganin lotsawar gwangwani da ɗaurin tsirkiya a gwada da kayan da ke hannu, kamar yadda aka yi da jitar Cobain. Waɗannan hotuna a kan kaset mai zare aka ɗauke su, wanda zafi da laima ke cinyewa. Tun a 2019 hukumar UNESCO da Ƙungiyar Ma'adanan Sauti da Hoto ta Duniya suka yi gargaɗin cewa wajen 2025 injinan da ke kunna irin wannan kaset da kayan gyaransu za su yi wuyar samu, domin masana'antu sun daina ƙera su.